Kafin alƙalami da ciko: yaushe za a biya magini, kuma nawa?

Duk wanda ya zaga unguwannin Gombe a tsakanin ɗaukewar damina da shigowar sanyi, ko Tudun Wada ne ko Bolari ko Pantami, zai ga tulin yashi da bulo a ƙofar gidaje da yawa, saboda a lokacin ne jama'a suke waiwayar ɓarnar da ruwa ya bar musu. Wani katanga ce ta zauna, wani rufi ne ya yi ta yoyo har silin ya ruɓe, wani kuma sokawe ne ya rufta. Idan mutum ya sake bi ta layukan nan bayan wata uku, zai tarar an gama wasu gidajen har an shafe su da fenti, wasu kuwa yashin yana nan inda tifa ta juye shi, yara sun baje rabi, awaki suna kwana a kan ragowar. In ka tambayi mai gidan, zai ce maka magini ya ci kuɗinsa ya ɓace. In ka yi sa'ar samun maginin, shi ma ba zai rasa mutum biyu ko uku da ya gama wa aiki tun bara suke ta ce masa ya dawo gobe ba. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne da wuya rigimar ta kasance a kan yawan kuɗin jinga. Kusan kullum a kan lokacin biya take, wato nawa aka bayar kafin a fara, nawa aka bayar ana tsakiyar aiki, nawa kuma ya rage a hannun mai gida ranar da aka kwashe kayan aiki.

Ra'ayina shi ne kuɗi ya riƙa bin aiki a baya da taku ɗaya tak. Idan kuɗi ya sha gaban aiki, mai gida ya koma mai roƙo a cikin gidansa. Idan kuma aiki ya yi wa kuɗi nisa, magini ya zama mai ba da bashi ba tare da an nemi yardarsa ba.

Gidan mahaifiyarmu ne ya koya mini wannan. Shekarun baya, da bikin ƙanwarmu ya matso, muka yanke shawarar sauya kwanon ɗakuna uku, a yi sabuwar filasta, a gyara banɗaki. Maginin da na samu ba baƙo ba ne, ya yi wa maƙwabta aiki sun yaba, kuma masallacinmu ɗaya. Da muka gama ciniki sai ya ce, "Alhaji, ka ba ni kashi biyu cikin uku in haɗa kaya gaba ɗaya, kada farashi ya tashi a kanmu." Maganar ta yi mini kama da hankali, na ba shi. A makon farko ya zo da yara biyar, suka yaye tsohon kwano, suka kankare bango. A mako na biyu yaran suka koma biyu. A mako na uku wayarsa ta daina shiga, alhali Inna ta tattara kayanta ta koma ɗaki ɗaya, sauran kaya suna tsakar gida an lulluɓe su da tamfol. Da na bi sawunsa sai na same shi a wajen Tumfure yana ƙarasa gidan wani, kuma bai musa mini komai ba. Abin da ya ce shi ne, "Wallahi Alhaji ba cinye kuɗinka na yi ba, wannan aikin ne ya riƙe ni, da zarar an ba ni ciko zan dawo."

Na yarda da shi a kan cewa bai ɗauki kansa ɓarawo ba, kuma a nan ne matsalar take. Yawancin maginan da suke gudu da kuɗin mutane suna cikin wani rami ne da suka haƙa tun aikin baya. Sun karɓi aiki da araha don kada ya wuce su, ko sun kashe kafin alƙalamin a hidimar gida, da aka zo tsakiya sai kuɗi ya ƙare, don haka suka nemi sabon aiki domin su cike tsohon da kuɗin sabon. Kuɗina ya rufe gidan Tumfure, gidan Inna kuma sai ya jira kuɗin wanda zai zo bayana. Wanda ya ba da kashi biyu cikin uku tun farko ya shiga wannan layi ne bai sani ba, kuma ba shi da wani abin da zai janyo maginin da shi, domin abin da ya rage a hannunsa bai kai ƙimar wahalar da ta rage a aikin ba. Magini mai hankali zai lissafa ya ga cewa komawa gidanka asara ce a gare shi, zuwa sabon wuri kuwa riba ce.

Gyaran gida ya fi sabon gini haɗari ta wannan fuska. Mai sabon gini a fili, idan magini ya gudu, zai iya rufe aikin ya jira shekara, bulo ba ya ruɓewa. Mai gyara kuwa iyalinsa suna cikin gidan, an yaye musu rufi ko an fasa musu banɗaki, kuma kowace rana da ta wuce wahala ce ga mata da yara. Bayan haka, babu wanda ya san abin da yake cikin tsohon bango sai an fasa shi. A cire silin a tarar gara ta cinye katako, a tona daɓe a tarar bututun ruwa ya daɗe da fashewa, a kankare filasta a ga tsagar ta gangara har harsashi, abin da ba baƙo ba ne a garin da zaizayar ƙasa ta dame shi kamar Gombe. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a hannun magini a ranar farko ba shi da abin da zai tari waɗannan da shi. Sannan maginin kirki ba ya son gadon aikin wani, in ma ya karɓa sai ya tsawwala, saboda ya san duk laifin da ya ɓullo daga baya a kansa za a ɗora.

Duk da haka, ban yarda da masu cewa kada a ba magini ko sisi sai ya gama ba. Masu wannan magana ba su san yadda sana'ar take tafiya ba, ko kuma sun sani suna so ne su ci da gumin wani. Birkila ko kafintan da yake aiki a unguwanninmu ba shi da jari, babu bankin da zai ba shi rance, kuma leburorin da yake ɗauka aikin yini suke yi, da la'asar suke so a sallame su domin da kuɗin za a ɗora tukunyar dare. Akwai kuɗin ruwan kwaɓa, wanda a Gombe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda famfo bai kai layinsa ba, akwai hayar katakon tsani da baro, akwai kuɗin ɗauko kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin kayan gini ya daina zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar mayar da shi tsakanin naira 7,000 da 8,000. Kasancewar masana'antar siminti a Ashaka, a cikin ƙaramar hukumar Funakaye, bai sa mutumin Gombe ya tsira daga wannan tashin ba. Maginin da ya karɓi jinga har da kaya a kan tsohon farashi, aka kuma ja masa biya, shi ne ya ɗauki asarar a wuyansa.

Akwai kuma masu gida, kuma suna da yawa, waɗanda da an gama aiki sai su fara ganin aibin da ba su gani ba ana yi. Fenti bai yi hasken da suke so ba, tayil ɗaya ya karkace, don haka ciko ya maƙale, magini ya yi ta sintiri a ƙofar gida har ya gaji ya bar wa Allah. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kowa ya haddace shi, kuma a cikin Bukhari an ambaci wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ci moriyar aikinsa bai biya shi ba a cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Maginin da aka taɓa yi wa haka sau biyu, ba abin mamaki ba ne idan ya zo wurinka ya nemi kashi biyu cikin uku tun farko. Tsoron da yake ji daga wani mai gida ya gado shi, kamar yadda naka tsoron daga wani magini ka gado shi.

Mataki na farko da yake rage wannan tsoro shi ne a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Yawancin kuɗin gyara a kaya yake tafiya, kuma mafi yawan abin da magini yake nema a matsayin kafin alƙalami da sunan kaya yake nemansa. Idan mai gida ya ɗauki nauyin sayen kaya, hujjar neman kuɗi mai yawa ta faɗi da kanta. Na san abin da za a ce, wato mai gida bai san kaurin kwano ba, bai san bambancin rodi mai kyau da na bogi ba, za a cuce shi a kasuwa. Maganin wannan shi ne a tafi tare, magini ya zaɓa, mai gida ya biya mai shago hannu da hannu ya karɓi rasit, a sauke kaya a gidansa a ƙirga a gabansa. Na kuma san cewa wasu masu shaguna suna ba magini ɗan ihsani idan ya kawo mai saye, kuma wasu maginan da wannan suke cike ƙarancin kuɗin aikinsu. Saboda haka wanda zai sayi kaya da kansa ya kamata ya daina matse kuɗin aiki har ya kai inda magini ba zai tsira da komai ba. Arha ba ta ado, kuma maginin da aka matse a jinga zai rama a kwaɓin siminti, inda ido ba ya gani.

Ba kowane kaya ake saya lokaci ɗaya ba. Kwano da rodi da tayil da wayoyin lantarki ba sa lalacewa idan an adana su, kuma tayil musamman gara a saye shi gaba ɗaya da ɗan ƙari, domin in ya ƙare ana tsakiya ba lallai ne a sami launi iri ɗaya ba. Siminti kuwa ba ya son ajiya, danshi yana daskarar da shi, kuma ƙarfinsa yana raguwa idan ya yi watanni a jibge, don haka sai a riƙa sayensa gwargwadon aikin mako ɗaya ko biyu. Wannan yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, ita ce buhu ashirin sun fi buhu ɗari sauƙin ƙirgawa da safe da yamma.

To, idan an cire kaya, nawa ya dace a bayar a matsayin kafin alƙalami? Ita kanta gwamnatin tarayya, mai lauyoyi da injiniyoyi, dokarta ta bayar da kwangila ta 2007 ta ƙayyade cewa kuɗin fara aiki kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, kuma ko wannan ba a bayar da shi sai ɗan kwangila ya kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Mai gida a Jekadafari ba shi da lamunin kowa, abin da yake da shi lambar waya ce da sanayya. Ban ga dalilin da zai sa ya fi gwamnati sakin hannu ba. A ganina kashi 10 zuwa 15 na kuɗin aiki ya isa, wato abin da zai ɗauki nauyin leburori da ruwa da zirga-zirga na makon farko, kuma a bayar da shi ranar da aka sauke kayan aiki a gidan, ba mako biyu kafin nan ba. Idan aikin ƙarami ne, na kwana ɗaya ko biyu, kamar toshe yoyo ko sauya famfo, babu buƙatar kafin alƙalami ko kaɗan, a sayo kaya, a yi aiki, a gwada, a biya kafin mutum ya wanke hannu.

Akwai inda wannan ma'auni ba ya aiki, kuma adalci ne a faɗa. Mai walda da zai ƙera ƙofa ko get, mai alminiyom da zai yanka tagogi a kan awon ɗakinka, kafintan da zai haɗa durowar kicin, duk waɗannan a shagonsu suke aiki, kuma da zarar sun yanka ƙarfe ko katako a kan awonka ba za su iya sayar wa wani ba idan ka fasa. Irin waɗannan sun cancanci kuɗin kayan gaba ɗaya, wanda sau da yawa yakan kai rabin jinga ko fiye. Amma ko a nan sauran kuɗin ba a bakin shago ake biyansa ba, sai an kawo an kafa, ƙofa ta buɗu ta rufu, kuba ta shiga ta fita. Malaman Malikiyya ma sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya keɓe da su a wurin aikinsa, don haka wanda ya kai katakonsa shagon kafinta yana da madogara idan katakon ya salwanta.

Bayan kafin alƙalami, sauran kuɗin a ɗaure shi da matakan aiki, kada a ɗaure shi da ranakun kalanda. Wanda ya yi alkawarin biya duk ranar Juma'a zai biya ko an yi aiki ko ba a yi ba, domin Juma'a ba ta fasa zuwa. Wanda ya ce zai biya idan an gama ɗora katako, to sai an ga katako a sama. A ce kuɗin aikin irin na gidan Inna naira 600,000 ne. Za a iya ba da 60,000 ranar farawa, 120,000 idan an yaye tsohon rufi an ɗaura sabon katako, 150,000 idan an buga kwano, 150,000 idan an gama filasta, 90,000 bayan silin da fenti, a riƙe 30,000 zuwa lokacin gwaji. Ba lallai ne kowa ya bi waɗannan alƙaluman ba, abin lura shi ne a kowane mataki abin da ya rage a hannun mai gida ya isa ya biya wani maginin ya ƙarasa idan wannan ya tafi, kuma abin da magini yake bi bai wuce wahalar 'yan kwanaki ba. Matakan kuma kada su yi nisa da juna har magini ya rasa abin sallamar yaransa. Idan mataki zai ci fiye da kwana goma, a raba shi biyu, ɗaki ɗaya da ɗaki ɗaya, ko bangon ciki da na waje.

Sharaɗin da yake kan mai gida a nan mai nauyi ne, kuma shi aka fi karyawa. Ranar da mataki ya cika, ranar ake biya. Wanda ya tsara biya mataki-mataki sannan ya riƙa cewa albashi bai shigo ba, ko ya yi tafiya Abuja, ko ya kashe waya, ya rushe tsarin da hannunsa, kuma ba shi da bakin ƙorafi idan magini ya kwashi yaransa ya tafi inda za a biya shi. Don haka kada a yaye rufi sai kuɗin mayar da shi yana ajiye, tare da wani abu a gefe saboda abin da bango zai tona. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya gyara ɗaki ɗaya bana ya bar sauran zuwa baɗi.

Wani wuri da ya kamata biya ya tsaya cak shi ne aikin da za a binne. Bututun ruwa da yake shiga cikin bango, wayar lantarki da take bi ta cikin roba, rodin da za a zuba wa kankare a linta ko dakali, duk waɗannan da zarar an rufe su an rufe gaskiyarsu, sai ranar da bango ya fara jiƙewa ko soket ya fara ƙauri. Mai famfo a biya shi kason farko bayan an saki ruwa a bututun an bar shi ya kwana ba a ga ɗigo ba, kafin birkila ya shafe. Mai wayarin a duba kaurin wayar da ya saka a gwada ta da abin da aka saya. Wanda bai san waɗannan ba ya nemi wanda ya sani ya zo ya gani, ko da zai biya shi ladan zuwa, domin wannan ɗan kuɗin bai kai na fasa sabon tayil ba. Haka kuma kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa na aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Maginin da aka gama biya ba zai dawo don ya shayar da bango ba, musamman a lokacin hunturu da iska take busar da filasta tun ba ta kama ba, don haka ban-ruwa ya shiga cikin abin da ake jira kafin a saki kuɗin wannan mataki.

Sai maganar abin da ake riƙewa a ƙarshe, wadda ita ce ta fi jawo ɓacin rai. A manyan kwangiloli al'ada ce a riƙe wajen kashi 5 cikin ɗari na wasu watanni bayan an miƙa gini, domin a ga ko wani aibi zai fito. Ina ganin wannan ya dace da gyaran gida ma, da sharaɗi biyu. Na farko, a faɗe shi tun ranar ciniki, domin abin da aka riƙe bisa yarjejeniya amana ce, wanda aka riƙe ba zato kuwa zalunci ne ko da an kira shi da wani suna. Na biyu, a sa masa rana. Fenti da tayil da famfo mako biyu zuwa wata ɗaya ya isa a gane lafiyarsu. Rufi ne mai wuyar sha'ani, domin wanda aka buga a watan Disamba ba za a san gaskiyarsa ba sai ruwa ya sauka sosai a wajen Yuni ko Yuli, kuma riƙe wa talaka kuɗi mai yawa na wata shida ba adalci ba ne. Abin da na ga ya fi shi ne a rage abin riƙon ya zama ɗan kaɗan, a kuma ajiye shi a hannun mutumin da ɓangarorin biyu suka amince da shi, kamar limamin unguwa ko wani dattijo, domin magini ya san kuɗin yana nan ba a cinye shi a cefane ba.

Ƙarin aiki ma yana rusa lissafi fiye da yadda ake zato. Ana cikin filasta sai uwargida ta ce tunda ana ciki a faɗaɗa tagar kicin, maigida ya ce a ɗaga katanga da layi biyu, magini ya ce ba komai, za a daidaita. Wannan "za a daidaita" ita ce take zama shari'a a ƙarshe, domin mai gida ya ɗauka kyauta ce, magini kuma ya rubuta a zuciyarsa da farashin da shi kaɗai ya sani. Duk abin da aka ƙara, a tsaya a yi cinikinsa kafin a ɗaga guduma.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da rubutu, kuma a nan ne kunya take cin mu. Mutum yana jin nauyin ya ce wa wanda suke sahu ɗaya a masallaci, ko ɗan ƙanwar matarsa, su rubuta takarda, kamar hakan tuhuma ce. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu amana. Takardar ba ta buƙatar lauya. Shafi ɗaya na littafin makaranta ya isa, a rubuta aikin da za a yi ɗaki-ɗaki, jimillar jinga, wanda zai sayi kaya, matakan biya da abin da za a riƙe, mutum biyu su sa hannu a matsayin shaidu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 masu sana'a da yawa sun buɗe asusu, don haka a riƙa tura kuɗi ta banki, saƙon da yake shigowa ya zama shaida. Wanda ya biya da hannu ya rubuta a bayan takardar, mai karɓa ya sa hannu. Wannan ya fi zama dole ga waɗanda suke aiki a Abuja ko Legas ko Saudiyya suna aiko da kuɗin gyaran gidan iyaye, domin a wurinsu hannu biyu kuɗin yake bi kafin ya isa bango, na ɗan'uwa mai kula da aiki da na magini, kuma kowanne yana iya jingina laifi ga ɗayan.

Abin da takarda ba ta hana shi ne roƙo a tsakiyar aiki. Magini zai zo da safe ya ce matarsa ta haihu, ko yaro yana asibiti, a taimaka masa da wani abu daga cikin kuɗinsa. Sau da yawa gaskiya yake faɗa, kuma ba na cikin masu cewa a murtuke fuska. Abin da na koya shi ne in raba taimako da jinga. Idan ina da hali in ba shi abin da zan iya a matsayin gudummawa, in faɗa masa cewa wannan ba ya cikin lissafi. Idan abin da yake nema ya fi haka, in ba shi daga kason mataki na gaba kaɗai, a rubuta, ba tare da an taɓa na matakan da suke bayansa ba. Ta wannan ƙofar ce mafi yawan masu gida suke wayar gari su ga sun biya kashi 90 alhali aiki yana rabi, ba tare da sun tuna ranar da suka yanke shawarar yin haka ba.

Gidan Inna dai wani maginin ne ya ƙarasa shi, kwana huɗu kafin ɗaurin aure, da kuɗin da na ranto. Da na kawo masa maganar takarda da biya mataki-mataki na yi zaton zai ɓata rai, sai ya karanta ya ce in ƙara layi ɗaya, cewa idan mataki ya cika na wuce kwana biyu ban biya ba, yana da damar tsayar da aiki ba tare da an kira shi mai gudu ba. Na rubuta, muka sa hannu. Abin da muka riƙe na rufi mun ajiye shi a wurin limaminmu, kuma bayan ruwan sama na uku a daminar da ta biyo, da aka ga ɗigo a kusurwar ɗakin tsakiya, shi da kansa ya hau ya sauya ƙusoshi biyu ya liƙe bakin indararo, sannan ya wuce wurin Liman ya karɓi cikonsa. Na farkon kuwa ya biya ni kusan rabin abin da nake binsa, kaɗan-kaɗan a cikin shekara biyu, kuma har yanzu muna gaisawa a masallaci.